Idon Jikata Tsinke

Ni tela ne. A kan keken ɗinki na tsufa, kuma ban taɓa ɗinka wa mutum riga ya dawo mini da ita ba. A layinmu shaguna a jere suke, ƙofa na kallon ƙofa. Nawa ne na kusa da famfo, gidana kuma yana bayan shagon. Ɗana direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Surukata tana aiki a gidan burodi. Saboda haka jikata a wurina take wuni idan ta taso daga makaranta. Tsinke muke ce mata, don ba ta da jiki. Aji uku take.

Idona ya daɗe da daina ganin kafar allura. Tsinke ce take zura mini zare. Za ta ɗaga allurar dab da hancinta, ta lashi bakin zaren, sau ɗaya ya wuce. Ƙaramar allura da babba duk ɗaya ne a wurinta. Da telolin layi suka gane, sai suka fara zuwa aro. Maƙwabcina Dogo, wanda ya kusa kamo ni a shekaru amma bai kamo ni a hankali ba, kullum sai ya leƙo da allura a hannu.

"Tsoho, ara mini idonka."

"Idona yana cin abinci. Ka jira."

Kowa a layin ya san babu mai ido irin na Tsinke. Ni ma da shi nake taƙama.

Wata rana da yamma surukata ta zo bakin shago ta durƙusa. Daga makarantar take, an aika a kira ta. Na ga fuskarta, na ce ta faɗi abin da ke tafe da ita.

"Baba, malamar ajinsu ta ce Tsinke satar amsa take yi."

Na ɗauke ƙafata daga kan keke.

"Sake faɗa."

"Ta ce ba ta kallon allo, sai littafin ƙawarta Kumatu. Abin da Kumatu ta rubuta shi take rubutawa, har kuskuren. An raba musu wurin zama, tun daga ranar ba ta sake rubuta abin kirki ba. Ta ce in haka ta ci gaba, aji biyu za a mayar da ita."

"A gidan nan ba a taɓa haihuwar ɓarawo ba," in ji ni. Na ƙwala wa Tsinke kira. Ta fito daga ƙarƙashin teburin yanka, inda take tara ƙyallaye.

"Kina kallon littafin Kumatu?"

"Ina kallo, Kaka."

"Don me?"

"Don in rubuta."

"Allon fa?"

"Malama ba ta danna alli. Ba ya fita."

Na dubi surukata. "Kin ji? Mace tana rowar alli, sannan ta ɗora wa 'yar mutane sata. Gobe zan je in same ta."

"Don Allah, Baba, kada ka je da zafin nan. Bari ran kowa ya huce." Sannan ta ce, "Akwai kuma wata magana. An kira ni daga asibitin unguwa. Lokacin duba lafiyar Tsinke ya yi, na shekara. Ni ba za a bar ni in fita daga aiki ba. Ko za ka kai ta?"

"Me yake damunta?"

"Babu komai. Na masu lafiya ne."

"Mai lafiya me zai je yi a asibiti?"

"Baba, kai ma ai ba ka jira sai kekenka ya fara ƙara kafin ka zuba masa mai."

Surukata tana da baki, amma cikin ladabi take amfani da shi. Na tambaye ta wa zai biya. Ta ce Tsinke tana da katin inshorar lafiya na gwamnati, wanda ake yi wa yara, duba lafiyar yana ciki.

"Ba na karɓar sadaka."

"Ba sadaka ba ce, Baba. Haƙƙinta ne. Harajin shagon da kake biya kana mita, ai ga inda yake zuwa."

Na ce zan duba. Ta san na yarda.

Ranar da aka sa mana, na sa rigata mai kyau, na rataya tef ɗina na awo a wuya don ba na fita babu shi, na riƙe hannun Tsinke muka tafi. Asibitin ƙarami ne. Dogon baranda, bencina a jikin bango, fanka ɗaya tana juyawa kamar an tilasta ta. Mata sun cika wurin da jarirai. Ni kaɗai ne mai furfura. Wata ta matsa mini ta ce, "Baba, kai ma awon nauyi aka kawo ka?" Sauran suka yi dariya. Na zauna inda ta matsa mini.

Da aka kira mu, muka shiga wurin wata nas, kakkaura, mai yawan fara'a. Ta karɓi katin, ta duba, ta ce wa Tsinke, "'Yata, cire takalmi ki hau nan." Ta auna nauyinta. Ta tsayar da ita a jikin bango ta auna tsayinta. Ni kuma na zare tef ɗina na sake aunawa. Daidai ya fito. Na ce mata hannunta yana da kyau.

"Na gode, Baba. In an kore ni a nan, zan zo ka ɗauke ni aiki."

Ta leƙa kunnuwan yarinyar da 'yar fitila. Ta sa ta buɗe baki ta duba haƙora. Ta saurari ƙirjinta. Ta tsire mata yatsa ta ɗauki ɗigon jini, Tsinke ko motsi ba ta yi ba, jikar tela ce, ta saba da tsinin allura. Ta tambaye ni abin da take ci, da yadda take barci, da ko an gama yi mata rigakafi. Duk abin da ta duba sai ta ce lafiya lau. Ni kuma ina gyaɗa kai, don na riga na sani.

"Saura ido," in ji ta.

"Wannan kada ki ɓata lokacinki," na ce mata.

"Bari dai mu cika aiki, Baba."

Ta tsayar da Tsinke a kan wani jan layi a ƙasa, ta ba ta wani abu kamar ludayi ta rufe ido ɗaya. Can a bangon gaba akwai farin allo da zane kamar mataji mai haƙora uku, wani ya dubi sama, wani ƙasa, wani gefe. Na sama manya ne, suna ƙanƙancewa har zuwa ƙasa. Nas ta ce duk wanda ta nuna da sanda, Tsinke ta nuna da hannu inda haƙoransa suka duba.

Babban na sama ta faɗa daidai. Na biye da shi sai da ta tsuke ido ta miƙa wuya. Da sandar ta sauko layi na uku, sai ta juyo ta dube ni.

"Kaka, akwai wani abu a wurin?"

Ni kuwa ga shi ina ganinsa tar, ni da ba na ganin kafar allura. Na ɗauka tsoro ne ya kama ta. Na sunkuya na raɗa mata, "Sama."

"Kaka," in ji ta da ƙarfi, "ai wannan satar amsa ce."

Nas ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. "Baba, ba jarrabawa ba ce. A nan ba a faɗuwa. Koma can ka zauna."

Aka gwada ɗaya idon. Haka abin yake. Nas ta ajiye sandar ta ce mini yarinyar tana bukatar ganin likitan ido, da alama tabarau zai ba ta.

Na miƙe tsaye. "Wannan yarinyar? Layi guda na teloli da idonta suke cin abinci."

Na cire hulata. Kullum akwai allura a soke a bakinta. Na zaro mafi ƙanƙanta, na tsinko zare daga aljihu, na miƙa wa Tsinke. Ta ɗaga dab da hanci, ta lashi zaren, ya wuce. Matan da ke leƙowa daga ƙofa suka tafa mata.

"To," na ce wa nas, "ke zura mu gani."

"Ni ba zan iya ba, Baba, na sallama. Abin da ke kusa ta fi mu gani, ni da kai. Na nesa ne yake gagararta. Ka ga inda ta kai allurar kafin ta gan ta? Zo ka gani da idonka."

Ta ce in tafi ƙarshen baranda in tsaya, kada in yi magana, kada in motsa. Na tafi. A can akwai mai gadi da wani mai shara, na tsaya a tsakaninsu. Nas ta fito da Tsinke bakin ƙofa ta ce, "Nuna mini kakanki."

Tsinke ta duba. Ta tsuke ido. Ta ɗaga hannu ta nuna mai shara.

Matan benci suka kwashe da dariya. Mai shara ya ce, "Na karɓa, dama ba ni da jika." Ni ban yi dariya ba. Na yi gyaran murya. Nan take Tsinke ta juyo da hannunta kaina.

"Ga shi can! Na ji shi."

Na tuna babban titin da take tsallakawa kowace safiya, da motocin da ke gudu a kansa. Na dawo na zauna a benci.

"Tsinke, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗi me, Kaka? Ba haka kowa yake gani ba?"

Nas ta zauna kusa da ni. Ta ce yara da yawa haka suke, ba sa kuka da abin da ba su san sun rasa ba, shi ya sa ake duba su tun suna ganin lafiyarsu ƙalau. Ta tambaya ko an taɓa kawo ƙarar Tsinke daga makaranta. Na ce an kawo.

Likitan ido a wani ɗaki yake, mai duhu-duhu. Ya ɗora wa Tsinke wani tabarau na ƙarfe mai nauyi, yana sa gilashi yana cirewa, yana tambayarta wanne ya fi. Can sai na ji ta ce, "Kai!" Ta shiga nuna matajan nan ɗaya bayan ɗaya, har ta wuce inda nawa idon ya tsaya. Na tambayi likitan ko tabarau zai hana ta zura zare. Ya ce ba zai hana ba. Na ce dama don Dogo na tambaya.

Aka kawo tire cike da firam ɗin tabarau a zaɓa. Na ɗauki baƙi mai ƙwari. Ita ta ɗauki ja.

"Ja ba ya shiga da kowane kaya," na ce.

"Kai za ka sa, Kaka?"

Aka rubuta ja. Na sa hannu a aljihu, mai rubutun ta ce katin ya ɗauke wannan ma. Ban saba karɓa in juya haka kawai ba. Labulen ƙofarsu bakinsa ya warware yana jan ƙasa. Na ce su sauko mini da shi. Kafin a gama cike takardu na kalmashe shi da hannu, Tsinke na zura mini zare.

Labari ya riga mu isa layi. Dogo ya tare mu a bakin famfo.

"Tsoho, wai da gaske idon layi zai sa tabarau? To mu makafi ina za mu?"

"Inda kuka saba zuwa. Bakin shagona."

Surukata da ta ji, ta zauna a bakin gado ta rungume 'yarta, tana dariya tana share hawaye. Ta ce sau nawa ta yi mata faɗa don ta wuce ƙanwar babanta a hanya ba ta gaishe ta ba. Ta ce da safe za ta je ta gaya wa malamar. Na ce a'a. Sai tabarau ya zo, kuma ni zan je. Kafin nan kullum ni nake tsallakar da Tsinke titi, safe da rana.

Ranar da muka karɓo shi, a bakin ƙofar asibitin ta sa. Ta tsaya cik. Na ɗauka ya matse ta ne.

"Kaka," in ji ta a hankali, "mutanen da ke tsallaken titi suna da fuska."

"Da can me suke da shi?"

"Kai kawai."

Tafiyar da muka saba yi cikin ɗan lokaci, ranar sai da rana ta karkata. Kowane allon shago sai ta tsaya ta karanta mini da ƙarfi. Mai gyaran waya, mai sayar da taya, mai wankin kai. Ta karanta lambar motar haya tun tana nesa. Ta ga tsuntsaye a kan wayar wuta, ta ce ashe ƙafafu gare su sirara haka. Ta ga wata mata a bene tana shanya, ta ɗaga mata hannu, matar ta ɗago nata. Tsinke ta yi tsalle kamar an ba ta kyauta. Ban hana ta ba. Wani mai babur ya ce, "Baba, ku matsa mana," na ce ya bi ta gefe, muna kallo ne.

Da muka shigo layi, teloli suka fito ƙofa. Dogo yana tsaye ya cire hula yana fifita da ita. Tsinke ta ɗaga kai ta dube shi tun daga ƙasa har sama.

"Baba Dogo! Ashe sanƙo gare ka!"

Layi ya ɗauki dariya. Mai guga har da buga tebur. Kan Dogo ya yi mata nisa ne duk shekarun nan. Ya mayar da hularsa da sauri ya ce, "A mayar da tabaran nan inda aka samo shi." Sannan ya miƙo allura. Ta zura masa, da tabaran a fuskarta, sau ɗaya.

Washegari na raka ta har cikin makaranta. Malamar ajin yarinya ce, ba ta wuce sa'ar surukata ba, ga yara sun cika mata aji har bakin ƙofa. Ta fito ta gaishe ni da ladabi. Ta dubi Tsinke, ta dubi jan tabaran, sai ta dafe baki.

"Wayyo, Baba. Allon ne ba ta gani?"

"Shi ne."

"Wallahi ban kawo haka a raina ba. Na ga tana karanta littafi da kyau, sai na ɗauka..."

"Ni ma na ga tana zura allura," na ce. "Ba faɗa na zo yi ba. A gaban yaran nan aka ce ta yi sata. A gabansu nake so a gwada ta. Ki sa ta can baya, ita kaɗai. Ki rubuta abin da kika ga dama."

"Ba sai an yi haka ba, Baba, na yarda."

"Ni ban yarda ba."

Ta sa Tsinke a bencin ƙarshe, jikin bango. Kumatu tana can gaba, sai waiwaye take yi. Malama ta cika allo da lissafi da jimloli. Ni na koma waje na tsaya a taga. Na ga kan Tsinke yana ɗagawa yana sunkuyawa, fensir yana tafiya. Ba ta dubi dama ba, ba ta dubi hagu ba. Ta gama ta kai littafin gaba da kanta.

Malama ta bi shi da jan biro. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san alamar daidai idan na gan ta. Na ga hannunta yana yin ta, yana sake yin ta. Wuri ɗaya ta tsaya ta gyara wani abu. Sannan ta ɗaga littafin sama.

"Ku saurara. Na ce wannan yarinya tana satar amsa. Ba ta yi ba. Allo ne ba ta gani, ni kuma ban gane ba. Na ba ta haƙuri. Tana nan a ajinmu, babu inda za ta."

Yara suka hau tafi suna buga benci. Kumatu ta taso da gudu ta ƙanƙame ta har tabaran ya karkace. Malama ta ce su koma wurinsu na da, tare. Da aji ya lafa, ta tambaya ko akwai wanda shi ma allon ba ya fita masa sosai. Can wani ya ɗaga hannu, wata ma ta ɗaga. Malama ta ce gobe iyayensu su zo, za ta gaya musu inda za su kai su da katinsu.

Aka ci gaba da darasi. Malama ta rubuta, yara suka kwafa. Bayan wani lokaci ta leƙo ta taga.

"Baba, an gama shari'a. Kana iya tafiya."

"Na sani."

"Yaran kai suke kallo, ba allo ba."

Na matsa gefe kaɗan, inda inuwar bango ta rufe ni. Daga nan ma ana hango bencinsu. Akwai ɗinkin mutane yana jirana a shago, na bar shi ya jira. Ban tafi ba sai da aka kaɗa ƙararrawar tashi.